Matar mamaci da ɗiya mata uku, ƙannen miji sun riƙe fadamar: ta ina za mu fara?

Yar_Kabi: Assalamu alaikum mutanen gidan nan. Shawara nake nema don Allah, kuma abu ne da ke gabanmu yanzu haka ba wai ji na yi a bakin wani ba. Muna da 'yar ƙungiya ta mata a ƙauyenmu can gefen Suru, mu 23 ne, duk Juma'a bayan la'asar muke haɗuwa mu zuba adashi, yawancinmu gumin shinkafa ne sana'armu. To ɗaya daga cikinmu mijinta ya rasu bara da kaka, ta fita takaba tuni, ya bar ta da ɗiya mata uku, babbar shekararta 12, babu namiji ko ɗaya. Mamacin yana da fadama mai kyau yana yin rani da damina, har da rijiyar ban ruwa da inji. Ƙannensa biyu suka shiga gonar suka ci gaba da noma kamar ba a yi mutuwa ba, injin ma yana ɗakin babban. Da aka yi yankan rani buhu biyu suka aiko yaro ya kawo mata a baro wai ga na yara. Da ta ce a zauna a raba gado sai babban ya ce mace ba ta riƙe fadama, in an ba yaran gobe su yi aure gonar gidanmu ta koma hannun bare. Yanzu wankau take yi da shiƙa a gonar wasu, a gonar da mijinta ya bari kuma har kala an hana yaranta. Mu dai mun ce ba za mu zuba ido ba amma wallahi ba mu san ƙofar da za mu fara bugawa ba, hakimi ko liman ko kotu kai tsaye?

Abu_Sumayya: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Dukiyar marayu fa! Wuta suke zubawa cikinsu, ayar tana nan cikin Suratun Nisa'i.

Malam_Na_Gwandu: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Allah ya jiƙan mamaci. Bari mu fara da lissafi don kowa ya san abin da ake magana a kai. Bayan an fidda kuɗin likkafani da bashin da ake bin sa da wasiyya in ya bari, sai a kasa abin da ya rage kashi 24. Matar tana da tumuni wato kashi 3 tunda akwai 'ya'ya. 'Yan matan uku suna da biyu bisa uku, kashi 16 ke nan. Saura 5 shi ne na 'yan uwansa in shaƙiƙai ne kuma mahaifinsu ba ya raye. Kin ga uwa da 'ya'yanta suna da 19 cikin 24. Wannan maganar ta mace ba ta gadon ƙasa babu ta a littafi ko ɗaya, al'ada ce kawai, gona da gida da inji da akuya duk dukiya ce ana raba su. Amma ki gaya mana, iyayen mamacin suna raye? Kuma matar ba ta da ciki lokacin rasuwar ko?

Yar_Kabi: Allah gafarta Malam babu ciki. Mahaifinsu ya daɗe da rasuwa amma tsohuwarsu tana nan da ranta, a gidan ma take.

Malam_Na_Gwandu: To ai lissafi ya sake. Uwa tana da sudusi, kashi 4. Uku da sha shida da huɗu 23 ke nan. Kashi ɗaya tak cikin 24 shi ya rage wa ƙannen su raba, in suna da 'yan uwa mata shaƙiƙai ma da su za a raba ɗayan nan.

Maman_Ilham: Kai jama'a! Mai kashi ɗaya ya riƙe 24 yana aiko da buhu biyu a baro kamar sadaka 😭

Bakabe_Asali: Ni dai gaskiya nika hwaɗi ko da ba ta yi ma kowa daɗi ba. Ban ce abin da sunka yi daidai na ba, amma ku da ka zaune birni ba ku san hwadama ba. Hwadama ba awa gonar tudu ta ba da za ka watsa gero ka dawo gida. Wa ka kwana wurin inji da dare kar a sace shi? Wa ka sayen mai, tun da anka cire tallahi a 2023 manomi nawa sunka aje noman rani? Wa ka tsaron tsuntsaye in jan baki ya sauka? In an ba ta yau, wata ukku ba ta yi sai ta bada jingina, daga jingina sai saidawa, shi ke nan gonar da kakanni sunka sare ta tahi. Mun ga wanga abu ba sau ɗaya ba. Gara a bar ma ƙannen su noma amma a yanka musu abin da za su riƙa ba ta na gaskiya ba buhu biyu ba.

Maman_Ilham: @Bakabe_Asali yaya da girmanka, to maza ba sa sayar da gona ne? Waye ya sayar da fadamar gidanmu ya tafi ci-rani Legas ya dawo da rediyo, mace ce? Kuma wai mace ba ta san fadama ba, to wa ke dashe, wa ke shiƙa, wa ke tsayawa kan tukunyar gumi hayaƙi na cin idonta tun asuba? Alhazan Birnin Kebbi masu manyan gonaki su suke kwana wajen inji da kansu? Ai 'yan ƙwadago suke sawa. In ta ga dama ta ba da haya, ko su ƙannen ne ma su karɓi hayar, amma a san cewa tata ce da yaranta, ita za ta ce na ba ku, ba su za su ce mun ba ki ba. Bambancin ke nan.

Bakabe_Asali: To ai kusan abu guda munka hwaɗi ƙanwata.

Maman_Ilham: Ba abu guda ba ne wallahi.

Dan_Kamba77: Ni a ganina mafita mai sauƙi, ɗaya daga cikin ƙannen ya aure ta kawai, yara na gidan ubansu gona na gida kowa ya huta. Haka iyayenmu suke yi.

Ummu_Asmau: Wanda ya hana marayu kala shi za a ɗaura mata? Allah ya kiyaye. Ko ta aure shi ma gadon yaran ba ya narkewa cikin sadaki malam.

Lauyan_Talakawa: Anti Yar_Kabi kar ku fara da kotu, amma ku shirya kamar gobe za ku kotu. Abu na farko da za ku bincika, kuma shi ne inda irin wannan shari'ar take karyewa: fadamar nan shi mamacin ya saya ko ya sare da kansa, ko kuwa gandu ce ta mahaifinsu da ba a taɓa rabawa ba? In ta mahaifinsu ce ba a raba ba to sai an fara raba gadon tsohon, a fidda rabon mamacin, sannan a yi lissafin da Malam ya yi a kan rabonsa kawai. In kuwa sayenta ya yi ku nemo wanda ya sayar masa ko 'ya'yansa, da maƙwabtan gona na gabas da yamma da kudu da arewa, da duk wanda aka yi cinikin a gabansa. Ƙauye ba a cika samun takarda ba, shaidu su ne takarda. A dokar ƙasa ta 1978 filayen karkara ƙaramar hukuma ke ba da takardar mallaka ta gargajiya amma mutum nawa ke da ita, alƙali ya san haka. Daga nan ku je wajen liman da hakimi a nemi sulhu, in ya gagara a hau wajen uban ƙasa, in ya gagara sai kotun shari'a ta yankinku ta shigar da ƙarar rabon gado, ita da kanta tana da haƙƙin shigarwa don magajiya ce kuma uwar marayu. In babu kuɗin lauya akwai Legal Aid Council, hukumar gwamnati mai ba marasa hali lauya kyauta, a Birnin Kebbi, akwai ƙungiyar lauyoyi mata FIDA, aikinsu ke nan. Shari'ar gado ma sau da yawa ba ta buƙatar lauya in shaidu sun tsaya.

Yar_Kabi: Na gode ƙanena Allah ya ƙara basira. Rabin gonar gado ne an raba musu tun mahaifinsu bai daɗe da rasuwa ba kowa ya san iyakarsa, rabin kuma saye ya yi da kuɗin shanunsa biyu, wanda ya sayar masa yana nan da rai ma yana kiran sallah a masallacin unguwarmu.

Lauyan_Talakawa: Ladan ne ma shaidarku? Ai kun gama rabin aiki.

Goggon_Yauri: 'Ya'yana bari in ba ku nawa, ɗiyata ke rubuta min ina faɗa. Lokacin da babanmu ya rasu mu bakwai ne, maza uku mata huɗu, ya bar gonaki har da ta bakin ruwa. Ranar sadakar arba'in aka tara mu a zaure, yayanmu ya ce to ku mata kuna gidajen mazanku, gona a bar ta a haɗe duk shekara za a riƙa kai muku. Kawunmu na zaune ya ce haka ya kamata, zumunci ya fi gona. Ni ina rufe da mayafi ina kuka ko ɗaga kai ban yi ba, muka ce mun yarda. Shekarar farko buhu uku, ta biyu biyu, ta uku aka ce ruwa ya ci, daga nan sai dai in na je gaisuwa matarsa ta ɗebo min tiya biyar a ƙulla a leda kamar mai bara. Da mijina ya kwanta ciwo na je na ce yaya a ba ni rabona in sayar in kai shi asibiti Sakkwato, ya dube ni ya ce wane rabo, ba kun yafe ba? Ban yafe ba wallahi, kunya na ji. Yau yayan namu ya rasu, 'ya'yansa sun raba gonar a matsayin ta ubansu, jikokina ko iyakarta ba su sani ba. Abin da zan gaya wa wannan yarinya kar ta bari damina uku ta wuce, ƙasa in ta daɗe a hannun mutum sai ya manta aro ce. Kuma kar ku bar ta ta shiga zaure ita kaɗai, mace ita kaɗai gaban surukai da dattijai bakinta mutuwa yake.

Abu_Sumayya: Allah sarki Goggo. Allah ya bi miki haƙƙinki.

Malam_Na_Gwandu: Goggo shiru don kunya ba kyauta ba ce a shari'a, kuma hadisi ya tabbata cewa wanda ya ci taƙi ɗaya na ƙasa da zalunci za a rataya masa ita har ƙasa bakwai ranar ƙiyama. 'Ya'yan yayan naki in akwai mai tsoron Allah cikinsu a gaya masa ya sauke wa ubansa nauyi. Sannan ita wannan baiwar Allah ko ta so ta yafe, tumuninta kawai take da ikon yafewa, na marayu ba ta da iko a kai.

Sadiq_BK: Ni fa abin da nake tsoro kar wannan magana ta koma irin ta masu cewa daidaito daidaito. An fara da gona gobe a ce mace da namiji rabo ɗaya. Ƙungiyoyin nan na mata da ake kafawa a ƙauyuka Turawa ke turo kuɗin kuma sun san abin da suke so. Matan ƙauye da suna zaune lafiya da mazansu yanzu an koya musu zuwa kotu.

Ummu_Asmau: @Sadiq_BK wane Bature ne ya saukar da Suratun Nisa'i? Karanta sama ka gani ko akwai wadda ta ce a ba ta daidai da namiji, cewa aka yi a ba ta abin da Allah ya yanka mata. Kuma ƙungiyar mata a ƙasar nan ta girmi zuwan Bature. Nana Asma'u ɗiyar Shehu, an haife ta 1793 ta rasu 1864, ita ta kafa 'Yan Taru, tana naɗa jaji ta ɗora mata malfa, jajin ta tattaro matan ƙauye su yi tafiya a ƙasa su zo su ɗauki karatu su koma su koyar, kuma ba karatu kaɗai ba har duba marasa lafiya da taimakon gajiyayyu. Shehu da kansa ya yi rubutu yana zargin malaman da suka bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Mu jikokin wannan gida ne ba sai wani ya zo daga Amurka ya gaya mana ba. FOMWAN, haɗaɗɗiyar ƙungiyar mata musulmi ta Najeriya, ma tun 1985 take kuma matan musulmi ne suka kafa abarsu.

Sadiq_BK: Ban ƙi ta Nana Asma'u ba anti, kalmar daidaito ce ba na so. A ce adalci.

Ummu_Asmau: Kira shi abin da ka ga dama in dai gonar za ta fito.

Hajjo_Zuru: Ni abin da ke ba ni mamaki da hujjar rabon namiji biyu, kullum ana cewa don shi ke ɗaukar nauyin 'yan uwa mata, to madalla mun yarda, amma a nuna min cikin goma mutum nawa ke ɗauka? Ya karɓi biyun ya haɗa da ɗayan ya ƙara aure. Mu nan wajenmu mace da kalme a kafaɗa ba abin kallo ba ne, tare ake shiga gona tare ake fita, amma ranar rabo sai a tuna ke mace ce.

Bazamfara: Ku yi haƙuri in shigo da tamu, ku kuna rigimar wa zai riƙe gona mu gonar ce ma ba ta shiguwa. Ni daga yankin Maru nake yanzu muna Gusau shekara ta huɗu. A gidan da muke haya mata biyar ne duk mazansu an kashe, kowace da yara, gonakinsu na can daji sai ka biya 'yan bindiga kuɗin noma ka kuma biya na girbi sannan ba tabbas. Wata cikinsu da ƙura ta ɗan lafa ta koma ta tarar ɗan kishiyar surukarta ya nome gonar ya ce ai shi ya biya harajin don haka tasa ce. Wa za ta kai wa ƙara, hakimin ma yana nan Gusau yana gudun hijira kamar mu. Mu ma adashi ne ya riƙe mu, ɗari biyu biyu, da shi wata ta sayi injin taliya wata take awara. Don haka Yar_Kabi ku riƙe ƙungiyar nan taku da kyau ko da gona ko ba gona.

Yar_Kabi: Allah ya kawo muku sauƙi 'yar uwa, ya mayar da ku gida lafiya. Mu ma ta arewacin jiha ana fama da Lakurawa, abin sai addu'a.

Mai_Gumi_Argungu: Tunda an zo maganar ƙungiya bari in ce wani abu. Mu nan Argungu muna cikin waɗanda aka fara shirin Nigeria for Women da su, na Bankin Duniya, da mu da Maiyama da Ngaski, kuma abin da na fi amfana da shi ba kuɗi ba ne, tsarin akwati ne. Akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, makullai na hannun mata uku daban, akwatin na ɗakin ta huɗu, ba a buɗewa sai gaban kowa, mai littafi ta rubuta masu ƙirga su ƙirga da ƙarfi. Ba kamar adashin da ba da uwar adashi za ta ce an yi mata sata. Kuma bayan zubi akwai wani ɗan kuɗi daban na taimako, haihuwa ko rasuwa ko ciwo, shi ba bashi ba ne. To shawarata ku fidda kuɗin mota daga irin wannan ku raka ta duk inda za a je, in gonar ta fito kuma ƙungiya ta ranta mata kuɗin iri da taki da 'yan dashe, ku kuma ku saye shansherar a hannunta tunda dama saye kuke a kasuwa wajen dillalai. Kun ga amsar Bakabe ke nan da yake cewa za ta bada jingina, mai jingina ai rashin jari ke kai shi.

Bakabe_Asali: To in hakanan na ban da ja. Amma ku sani ruwa na ci, 2020 mun gani da idonmu hwadama duk ta zama gulbi. In ruwa ya ci wa ka biyan bashin ƙungiya?

Mai_Gumi_Argungu: In ruwa ya ci a hannun ƙannen wa ke biya? Noma ai dama haka yake baba.

Dan_Jega: Ku fahimci dalilin da ya sa rigimar fadama ta yi zafi yanzu. Da can wa ya damu, ana ba mutum aro ma kyauta. Tun da Buhari ya zo Birnin Kebbi a Nuwamba 2015 ya ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa, ga kamfanonin casa irin Labana da WACOT na Argungu suna saye, aka zo aka rufe boda 2019, sai fadama ta zama zinari. Wanda da zai ce ɗauki ki noma yanzu ko taƙi ba zai saki ba. Kuma duk wani tallafin noma da za a kawo tambayar farko ina gonarki, wadda ba ta da gona sunanta ba ya shiga fom, sai dai a rubuta mijinta ko wanta. Shi ya sa mata suka maƙale a gumi, wahala tasu hayaƙi nasu riba ta mai buhu.

Maman_Ilham: Wallahi kuwa. Innata shekara talatin tana gumi, a jiƙa a kwana a turara a rabin duro a shanya a tamfol ana korar kaji da awaki a kai inji a dawo a fece, idonta yanzu kullum ruwa yake, kuma itace ya yi tsada har da buntu take haɗawa. Ko taƙi ɗaya ba ta da shi da sunanta alhali ubanta manomi ne.

Kwamared_Aliero: Duk wannan faci ne, matsalar a sama take. Majalisar dattawan da aka zaɓa 2023 mata 4 ne cikin 109. A watan Maris 2022 majalisa ta yi watsi da ƙudurorin mata har da na ware musu kujeru, mata suka yi kwanaki a ƙofar majalisa. Tun 2006 ake maganar ba mata kashi 35 cikin ɗari na muƙamai a takarda. Ranar zaɓe kuwa je ka rumfa a ƙauye ka ga layin wa ya fi tsawo, na mata, an ba su atamfa da sabulu da taliya shi ke nan sai bayan shekara huɗu. Ku 23 ɗin nan da danginku ƙuri'a nawa ce? Ku kira kansilanku ku ce ga abin da muke so.

Dan_Kamba77: Kwamared ko maganar kunun kanwa ake sai ka kai ta majalisa 😂

Hajjo_Zuru: Amma bai yi ƙarya ba.

Adimin_Gida: Jama'a a dawo kan tambaya don Allah, baiwar Allah shawara ta nema ba kamfen ba. Wanda ya sake kawo siyasa zan goge.

Inna_Ta_Bunza: Ni shawarata ba wanda ya faɗe ta. Ku fara da tsohuwar. Ita ma an ci nata kashi huɗun ba ta sani ba, kuma jikokinta ne. Ku samu manya biyu cikinku masu shekaru ku je da goro da ɗan turare ku gaishe ta da dare ba da rana ba, kar ku ce gado, ku ce Inna yaran nan marayu amana ce a wuyanki gobe ɗanki zai tambaye ki. Ɗa ko ya ƙi jin hakimi da wuya ya ƙi jin uwa in ta ce ban yafe ba. Kuma ku yi hattara da barazanar ƙwace yara, shi ne makamin da suke fiddowa in an matsa.

Malam_Na_Gwandu: Inna ta yi gaskiya. Game da yara kuwa a mazhabarmu ta Malikiyya riƙon 'ya mace na hannun uwa har ta yi aure ta tare, in uwar ta yi wani aure riƙo ya koma wajen kakarsu ta wajen uwa kafin a zo dangin uba. Don haka kar a tsorata ta da wannan.

Yar_Kabi: Salam jama'a ku yi haƙuri kwana biyu ba caji ba sabis. Mun bi shawarar Inna_Ta_Bunza, shugabarmu da wata dattijuwa suka je wajen tsohuwar bayan isha, ta yi ta kuka ta ce ita ba ta san buhu biyu kawai aka kai ba an ce mata goma ne. Jiya aka zauna a zauren hakimi, liman na nan ladan na nan, mu tara muka raka ta muka zauna a tabarma daga waje bakin ƙofa, da farko wani dattijo ya ce mata me ya kawo su, shugabarmu ta ce rakiya muka yi ranka ya daɗe ba magana za mu yi ba, hakimi ya ce a bar su. Muryar matar mamacin na rawa amma ta yi magana, duk lokacin da ta tsaya sai ta waiwayo ta gan mu ta ci gaba. Liman ya yi lissafi ya fito daidai da na Malam, 23 da ɗaya. Ƙaramin ƙanen bai ce komai ba kansa a ƙasa. Babban ya ce ya yarda amma yana bin mamacin bashin taki buhu huɗu da kuɗin asibiti, kuma shinkafar daminar da ke cikin gonar yanzu shi ya zuba mata kuɗi ba za a auna ba sai ya yanke. An tsaya a kan injin ya dawo yau, gona kuma a auna bayan yanka, bashin ya kawo shaida. Injin dai an kawo ɗazu amma babu tiyo.

Maman_Ilham: Alhamdulillah! Babu tiyo kuma 😂 mutumin nan sai Allah.

Lauyan_Talakawa: Madalla amma anti an rubuta? In ba a rubuta ba ku koma gobe gobe a rubuta ko da ajami ne, ranar da za a auna, sunayen shaidu, hakimi da liman su sa hannu ƙannen su dangwala, ku ɗauki hoto a waya biyu ko uku. Sannan amfanin ranin da ya wuce fa? Shi ma ba a bar shi haka ba, a ƙalla a lissafa hayar gonar a cire daga bashin da yake cewa yana bi.

Goggon_Yauri: Bayan yanka... haka aka ce mana mu ma. Ku tsaya a kai 'ya'yana, ranar da aka ɗauke buhun ƙarshe ranar a kafa turaku, kar a bari ya zuba irin rani.

Bakabe_Asali: Ni dai ina nan ina kallo, in ta noma rani guda da kanta ta fidda ko buhu ashirin ni da kaina zan zaka in saye.

Mai_Gumi_Argungu: Ba za mu sayar maka ba baba, ƙungiya ta riga ka.

Yar_Kabi: Ba a rubuta ba gaskiya, ba wanda ya kawo tunanin. Matsalar yanzu ita ce da safen nan ta zo min tana cewa ko a bar maganar amfanin rani tunda tsohuwar tun jiya ba ta ci abinci ba kuma matan ƙannen sun daina amsa gaisuwarta, gida ɗaya suke rijiya ɗaya. Na ce ta bari sai Juma'a mu tattauna gaba ɗaya. Lauya in an je rubutawar dole sai ƙannen suna wurin ko hakimi da liman sun isa? Sannan wa ya san inda ake samun tiyo inci uku mai sauƙi, Jega ko Birnin Kebbi?

Dan_Jega: Jega mana, ki bari sai ranar kasuwa.